Mataimaki da Kujerar Iska

Duk layin nan babu wanda ya san shi da wani suna sai Mataimaki. Ba tsokana ba ce, tarihi ne. A firamare shi ne mataimakin monita. A ƙungiyar ƙwallon unguwa shi ne mataimakin kyaftin, kodayake ƙafarsa da ƙwallon ba su taɓa gaisawa ba. Da ya samu aiki a wani kamfanin sabulu aka ba shi mataimakin mai kula da sito, a nan ya share shekara ashirin da uku. Shugabanni biyar suka zo suka wuce ta kansa, har da wani matashi da shi da kansa ya nuna masa hanyar makewayi ranar da ya fara aiki.

Kada a ce rago ne, don Allah a yi masa adalci. Kafin bakwai yana bakin sito, rigarsa a goge, biro uku a aljihun gaba. Sai dai duk cikin ukun babu wanda ya taɓa sa hannu a takarda. In direba ya zo ɗaukar kaya, sai Mataimaki ya duba takardar sama da ƙasa, ya juya bayanta, ya gyaɗa kai kamar ya gano wani abu, sannan ya miƙa masa abarsa ya ce, "Sai shugaba ya zo." Shekarar da aka bar tagar baya a buɗe ruwan sama ya jiƙa katan-katan, kumfa ta taso har bakin ƙofa, an tara ma'aikata ana neman mai laifi. Mataimaki ya kawo shaidu biyu cewa a daidai lokacin an aike shi. Wanda ya aike shi ne dai har yau ba a gano ba.

A kusurwar siton akwai kujerar shugaba, irin mai juyawar nan. In shugaba ya yi tafiya, Mataimaki yakan goge ta da hankici, ya juya ta da ɗan yatsa, ya tsaya yana kallonta har ta tsaya. Yana sonta, so mai tsanani. Amma bai taɓa ɗora mazaunansa a kai ba, domin ya lura duk wanda ya zauna a kanta shi ake yi wa tambayoyi.

A gida ma haka abin yake. Yaransa uku sun girma sun kama gabansu, saura Auta, yarinya 'yar shekara takwas a lokacin, mai shiru-shiru da manyan idanu. Ta ce, "Baba, in je gidan su ƙawata?" sai ya ce, "Tambayi mamanki." Ta ce, "Baba, famfo na yoyo," sai ya ce, "Mamanki ta sani?" Matarsa, wadda ke ɗinki a ɗakin gaba, ta daɗe da daina mamaki. Takan ce ita dai ta auri mutumin kirki, maigidan ne har yanzu ba a turo mata ba.

Ranar da aka naɗa shugaba na biyar, Mataimaki ya dawo gida a ƙasa don baƙin ciki, ko motar haya bai shiga ba. A kan hanya idonsa ya faɗa kan wani allo a saman shagon mai katifa: ana koya wa yara kareti, don tarbiyya da jarumta da shugabanci. Kalma biyun farko ko kallo ba su ishe shi ba. Ta ukun ce ta shige shi har ɓargo. Ya tsaya nan a bakin titi ya sha alwashi cewa shi dai an gama da shi, amma jininsa ba zai ƙara zama mataimakin kowa ba.

Washegari ya ja hannun Auta suka hau matakalar, guda ashirin da biyu, a tsaye ƙyam kamar tsani. A sama suka tarar da ɗaki mai faɗi, an shimfiɗa ragowar soso da mai katifa ya yar, fanka ɗaya tana juyi da ƙyar. Malamin wani siririn mutum ne mai gyaran agogo da safe, murya ƙasa-ƙasa, in ka gan shi a hanya sai ka ce ya ba ka wuri ka wuce.

"Malam, ga 'yata," in ji Mataimaki yana haki. "Shugaba nake so ka mayar mini da ita."

Malam ya dubi yarinyar, ya dubi uban, ya ce, "To. Ta cire takalmi tukuna."

Wannan ne hawansa na farko, kuma ya ɗauki shekara biyu bai sake ba. Talata da Asabar yakan rako ta, ya zauna a bencin mai katifa a ƙasa, yana yi wa duk wanda tsautsayi ya kawo lacca kan shugabanci. Babban abokin gardamarsa mai kemis ɗin tsallaken titi, wanda shi ma ɗansa, wani zanƙalelen yaro da ake ce wa Dogo, yana sama.

Abin da ya fara ɓata masa rai takalma ne. Wata huɗu da farawa ya tambayi Auta me aka koya musu yau, ta ce an ba ta jera takalman ƙanana a bakin ƙofa.

"Jera me?"

"Takalma, Baba. Malam ya ce na ci gaba."

"Ci gaba! In kin ƙara cin gaba kuma fa?"

"Shara."

Kai jama'a! Mataimaki ya shiga ɗakin ɗinki ya tsaya a kan matarsa yana faɗa, wai ya kai 'yarsa a koya mata mulki an mayar masa da ita 'yar aiki. Matar ko keken ba ta tsayar ba. Ta ce in ya ji haushi ya hau ya faɗa wa Malam. Ya tuna matakala ashirin da biyu, ya ce bari dai a ƙara ba mutumin lokaci.

Sai kuma maganar kujerar iska. Wata Asabar Auta ta dawo tana ɗingishi. Mamanta ta tsare ta, ta ce wani yaro a layinta ne ya ɓoye ɗamarar karetin ɗan'uwansa ya ƙi faɗa. Dokar Malam kuwa, kowane babba yana da layin ƙanana a ƙarƙashinsa, in aka yi laifi a layinka mai laifin ya yi shiru, kai za ka hau kujerar iska har sai ya buɗe baki. Ta nuna musu a tsakar falo: ta ware ƙafafu, ta lanƙwasa gwiwoyi kamar mai zama, bayanta a miƙe, hannaye a gaba, babu komai a ƙarƙashinta. In mai laifin ya fito, shi zai karɓi kujerar.

Mataimaki ya yi dariya har da buga cinya. "Babba ya sha wuya don laifin na ƙasa? Wannan malamin bai taɓa aikin ofis ba. Mu a wurinmu daga sama laifi ke gangarowa. Ki yi haƙuri, Auta, in kin zama shugaba sai ki soke dokar."

"Yaron ya faɗa ai, Baba. Kuka ma ya yi."

"To ai kin ji."

Abin da ya ji, shi kaɗai ya sani.

Gaskiya yarinyar ta canja, kowa ya gani. Ta daina ɓuya a bayan mamanta in an yi baƙi. Tana duban mutum a ido in tana magana. Mafi wahala ga gidan, ta daina ƙarya kwata-kwata, har irin 'yar ƙaramar nan da ake zaman lafiya da ita. Wata rana maƙwabci ya yi sallama, Mataimaki ya raɗa mata ta ce ba ya nan, ta je ta ce, "Yana nan, amma ba ya son fitowa." Tun daga ranar ya daina aikenta ƙofa.

Da ta cika shekara goma, shugaban ajin ya yi girma ya koma ajin manya. Malam ya ce mutum biyu ne suka kai a duba su, Auta da Dogo. Za a tara iyaye ranar Asabar ta ƙarshen wata, kowane yaro ya zo da katakonsa daga gida, a fasa da ƙafa. A cikin biyun, wanda ya fasa shi ne shugaba, ɗayan mataimaki.

Kalmar ƙarshen nan ta hana Mataimaki sukuni. Ya dubi ƙafar Dogo, kamar tabarya. Ya dubi ta Auta, 'yar mitsitsiya cikin silifas. Mai kemis kuwa ya fara gaishe shi da wani irin murmushi mai kama da jaje. Ana saura mako uku Auta ta same shi yana sauraron rediyo, ta tsaya a gabansa hannu a baya ta ce, "Baba, na karya katakon kantar kicin." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Faɗa wa mamanki, ita ce da kicin." Hankalinsa yana can yana ƙulla abin da zai fisshe su.

Ranar Alhamis, lokacin hutun rana, ya zame daga sito ya nufi rumfar kafintan layinsu. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar iyali sau biyu, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Katako nake so. Mai kyau a ido. Amma... kada ya cika taurin kai."

Kafinta ya ajiye guduma ya dube shi. "Mataimaki, fito fili. A yanka ta baya?"

"Ni ban ce ba. Kai ne mai sana'a."

Kafinta ya sa zarto ya ci katakon ta baya har saura ƙiris, ya cuɗa garin katako da gam ya cike tsagar, ya murje wurin ya yi sumul. Ko shi da ya yi sai ya kai ido kusa yake gani. Mataimaki ya ciro biro ɗaya cikin ukun, ya rubuta sunan Auta ɓaro-ɓaro a gaba don kada a yi musanye. Mutumin da ya shekara ashirin da uku yana gudun sa hannu, ranar nan har layi biyu ya ja a ƙarƙashi.

Asabar da la'asar ɗakin ya cika. Iyaye sun jeru a benci jikin bango, yara cikin fararen kaya sun yi layi-layi, fanka tana ta fama. Mataimaki ya hau matakala ashirin da biyun da hutu uku, cikin kwat ɗinsa ta zuwa taro, ya zauna a gaba tsakanin matarsa da mai kemis. A aljihu yana da ɗan jawabin godiya da ya rubuta, ko da za a nemi uban shugaba ya ce wani abu.

Aka yi gaisuwa, aka yi tsalle-tsalle da ihu. Sai Malam ya ce a fito da katako. Nan ne Mataimaki ya ji abin da duk wanda ke hawa sama ya daɗe da sani.

"Kamar yadda muka saba," in ji Malam, "mai neman shugabanci ba ya fasa katakon gidansu. Ya ba mafi ƙanƙanta a layinsa, ya riƙe masa. Shi kuma ya ɗauki na ƙaramin."

Mataimaki ya zabura. Ya juya ga matarsa ya ce, "Yaushe aka kawo wannan dokar?" Ta ce, "Tun kafin ka fara zaman benci."

Mafi ƙanƙanta a layin Auta wani ɗan shekara shida ne da ake ce wa Tsinke, wanda ko ihun kareti in zai yi sai ya toshe kunnensa. Auta ta durƙusa ta riƙe katakon da hannu biyu, ta ce masa, "Kada ka ji tsoro, ko bai fashe ba babu komai." Tsinke ya rufe ido, ya ɗaga ƙafa ya ɗan dungure shi, irin dungurin da ake yi wa ƙofa don a ji ko a kulle take.

Katako ya rabu biyu, tsaf.

Ɗaki ya kaure da tafi. Uwar Tsinke ta miƙe tana ihu tana cewa ita dama ta san ɗanta ba na wasa ba ne. Tsinke kansa ya buɗe ido yana duban ƙafarsa da tsoro. Auta ce kawai ba ta motsa ba. Tana duban bakin katakon, a miƙe santal, babu tsaga babu zare, ga busasshen gam yana maƙale. Da ta ga dama da ta kifa guntayen biyu a ƙasa an wuce wurin, babu wanda ya lura. Mataimaki ya ƙura mata ido yana roƙonta a zuci, kifa, 'yar nan, kifa! Ta miƙe ta kai wa Malam guda biyun.

Malam ya shafa bakin da babban yatsa. Tafin ya mutu a hankali.

"Ke kika yanka?"

"A'a, Malam."

"Kin san wanda ya yanka?"

"Ina zato, Malam."

"Za ki faɗa?"

"A'a, Malam."

Ba ta jira umarnin Malam ba. Ta taka zuwa tsakiyar soson, ta ware ƙafafu, ta lanƙwasa gwiwoyi, ta miƙa hannaye. Ta zaɓi bangon da babu kowa ta kafa masa ido, ko sau ɗaya ba ta dubi bencin iyaye ba.

Tirƙashi! Mataimaki ya fara aikin da ya fi ƙwarewa a kai. Ai ba shi ya riƙe zarto ba, kafinta ne. Ai bai ce a yanka ba, cewa ya yi kada ya cika taurin kai. Ai laifin Malam ne da bai rubuta dokokinsa a allo ba. Ya waiga dama, ya waiga hagu, wallahi har ƙofa ya duba, ko Allah zai jeho wani na sama da shi a ce sai ya zo. Babu kowa. Yarinyar tasa ce, katakon nasa ne, rubutun ma da bironsa aka yi.

Minti biyu. Gumi ya fara ɗiga daga haɓar Auta. Minti huɗu, cinyoyinta suka soma rawa, wandon yana karkarwa kamar ana kaɗa shi. Mai kemis ya duba agogo ya yi gyaran murya. Matarsa ba ta zungure shi ba, sai dai ta janye jikinta daga nasa kaɗan, kuma wannan ya fi masa zafi. Minti shida, yarinyar ta ciji leɓe, hawaye ya taru bai zubo ba, ta ɗan yi ƙasa ta sake ɗagowa. A nan ya gane ba za ta faɗa ba ko da za ta kife. Tausayinta da kunyar kansa suka haɗu suka shaƙe shi.

Ya miƙe. Kalmomin ba su san hanyar bakinsa ba don ba su taɓa bi ta nan ba.

"Ni ne."

"Na'am?" in ji Malam, shi da ke jin motsin agogon hannu.

"Ni ne, Malam. Ni na sa aka yanka. Ba ta sani ba."

"Tashi," Malam ya ce wa Auta. Sannan ya dubi uban, cikin ladabi kamar mai ba baƙo wurin zama, ya nuna tsakiyar soson. "Alhaji, a nan mai laifi shi ke karɓar kujerar. Sai dai a cire takalmi."

Haka Mataimaki, da furfurarsa da kwat ɗinsa da jawabinsa a aljihu, ya fito gaban iyaye ya ware ƙafafu. Ga shi dai yau a kan kujera, kuma kowa shi yake kallo. Yaran suka ɗauki ƙirga da ƙarfi yadda suka saba. A bakwai gwiwarsa ta yi ƙara. A goma sha ɗaya birukan suka zubo. A goma sha huɗu ya zube ta baya, rim, ƙafafu a sama. Wani ya fara dariya, Dogo ya juya ya harare shi, dariyar ta koma ciki. Auta ce ta tsince birukan ta miƙa masa.

Aka ci gaba, don Malam ba ya ɗaga jarrabawa. Dogo ya ɗauki katakon ƙaramin layinsa, bugu ɗaya ya tarwatsa shi. Auta ta tsaya gaban katakon gidan su Tsinke, lafiyayye, babu wanda ya taɓa shi. Ƙafar da za ta tsaya a kai har yanzu rawa take yi. Ta buga, katako ya yi ƙara bai motsa ba. Ta sake, ta yi tangaɗi. Na ukun ko tsayin katakon ƙafar ba ta kai ba. Ta ja da baya ta sunkuyar da kai.

Matarsa ta yi magana ba tare da ta dube shi ba. "Katakon kantar kicin ya fi wannan kauri. Bugu ɗaya ta yi masa. Ta zo ta faɗa maka, ka turo ta wurina."



Malam ya ɗaura wa Dogo jan ƙyalle a dantse ya ce shi ne shugaba. Ya kira Auta ya ɗaura mata shuɗi ya ce ita ce mataimakiya. Ƙananan layinta suka yi mata tafi har Tsinke yana tsalle. Mataimaki ya ji kalmar ta shiga kunnensa ta sauka a ƙirji. Shekara biyu yana gudun wannan kalma, ƙarshe shi ya ɗauko ta da hannunsa ya ɗora wa 'yarsa. Ya sa hankicin da yake goge kujerar shugaba ya rufe fuska, ya yi kuka sosai, bai damu da mai kemis ba.

Saukowa ta zama aiki. Cinyoyinsa sun mutu, matakala ashirin da biyu kuma ba ta rage ko ɗaya ba. Auta ta gama jera takalman ƙanana, ta zo ta shiga ƙarƙashin hammatarsa, ita ma tana ɗingishi, suka riƙa saukowa ɗaya-ɗaya.

"Auta," ya ce a wajen ta goma, "na cuce ki."

"Ka cuce ni, Baba," ta ce, don ba ta ƙarya. Suka ƙara sauka biyu. "Amma ka faɗa. Wasu sai an kai minti goma."

A bakin layinsu kafinta yana rufe rumfa. Ya hango su tafe, bai san wainar da aka toya ba, ya ɗaga hannu da fara'a ya ƙwala kira.

"Mataimaki!"

Su biyun suka juya.